Tambaya: Idan hadisan falalar Rajab ba su inganta ba, me ya rage mana a cikin watan?

Ɗalibar Ilimi ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai da iyaye da 'yan'uwa, ina da tambaya game da watan Rajab, kuma ina roƙon a yi mini bayani mai gamsarwa, domin al'amarin ya daɗe yana damuna. Duk shekara idan watan ya kama sai saƙonni su cika waya. Wasu suna cewa wanda ya azumci kwana kaza a cikinsa za a rufe masa ƙofofin wuta, wasu suna koyar da wata salla ta musamman a daren Juma'ar farko, wasu kuma suna kira da a raya daren 27 saboda Isra'i da Mi'iraji. Kafin a jima sai wasu saƙonnin su biyo baya suna cewa duk wannan ƙarya ce aka jingina wa Manzon Allah (SAW), babu hadisi ko ɗaya da ya inganta a kai.

Na karɓi magana ta biyun, domin ba na so in bauta wa Allah da abin da bai tabbata ba. Sai dai daga baya na ga ina kallon Rajab kamar kowane wata, alhali na san yana cikin watanni huɗu da Allah ya ce masu alfarma ne, kuma zuciyata ta kasa natsuwa da cewa Allah zai keɓe wata ya girmama shi, sannan abin da zan sani game da shi kawai ya zama jerin abubuwan da aka ce kada in yi. Mene ne ma'anar wannan alfarma, kuma me ake so Musulmi ya aikata domin ya girmama ta? Sannan mahaifiyata tana yawaita azumi a wannan wata tun tasowata, shin wajibi ne in hana ta? Allah ya saka da alheri.

Malam Mai Tafsiri ya rubuta:

Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi wa barakatuh. Malama, abin da ya rikita mutane da yawa a wannan mas'ala shi ne haɗa abubuwa biyu da malamai suka raba, wato alfarmar watan a karan kansa, da kuma falalar da ake jingina wa wasu ayyuka na musamman a cikinsa. Malaman hadisi da suka raunana hadisan Rajab a kan abu na biyu suke magana, babu ɗaya daga cikinsu da ya taɓa na farko, domin na farkon tabbatacce ne da Alƙur'ani da Sunna. A Suratut Tauba, aya ta 36, Allah ya ba da labarin cewa adadin watanni a wurinsa 12 ne tun ranar da ya halicci sammai da ƙasa, huɗu daga cikinsu masu alfarma ne. Ayar ba ta ambaci sunayensu ba, Manzon Allah (SAW) ne ya fayyace su a huɗubarsa ta ranar layya a Hajjin Bankwana, shekara ta 10 bayan hijira, a hadisin Abu Bakrata wanda Buhari da Muslim suka ruwaito: uku a jere, su ne Zulƙi'ida da Zulhajji da Muharram, sai kuma Rajab na ƙabilar Mudar wanda yake tsakanin Jumada da Sha'aban.

Wannan iyakancewa da Annabi (SAW) ya yi, har ya faɗi watan da ke gabansa da wanda ke bayansa, tana da dalili. Larabawa sun gaji girmama waɗannan watanni tun daga addinin Annabi Ibrahim (AS), kuma Ibn Kasir ya yi bayanin hikimar tsarinsu da cewa ana barin yaƙi a Zulƙi'ida domin mahajjata su tafi cikin aminci, a Zulhajji domin su yi aikin Hajji, a Muharram domin su koma garuruwansu, Rajab kuma a tsakiyar shekara domin mai son ziyartar Ka'aba ya je ya dawo lafiya. Buhari ya ruwaito daga Abu Raja'in Al-Uɗaridi, wanda ya rayu a zamanin jahiliyya kafin ya musulunta, cewa idan Rajab ya shiga ba sa barin mashi ko kibiya mai ƙarfe a kai face sun cire ƙarfen sun ajiye har watan ya fita. To amma wata uku a jere babu hari ya yi musu nauyi, sai suka riƙa halatta Muharram idan sun so, su mayar da alfarmarsa zuwa Safar. Aya ta 37 ta kira wannan jinkirtawa ƙari a cikin kafirci. Darasin da ke nan babba ne: Allah ne kaɗai yake sanya wa lokaci daraja, mutum ba shi da ikon cire ta daga inda aka ajiye ta, kamar yadda ba shi da ikon ƙirƙiro mata abin da ba a ajiye a cikinta ba.

Domin ki ga nauyin al'amarin, dubi abin da ya faru a Rajab na shekara ta 2 bayan hijira. Annabi (SAW) ya tura Abdullahi ɗan Jahshi tare da 'yan tsirarun Muhajirai zuwa Nakhla, tsakanin Makka da Ɗa'ifa, domin su lura da motsin Ƙuraishawa. Sai suka haɗu da wani ayari a ƙarshen watan, suka kai masa hari, aka kashe Amru ɗan Hadrami, aka kama mutum biyu. Da suka koma Madina Annabi (SAW) ya shaida musu cewa bai umarce su da yaƙi a watan alfarma ba, ya kuma ƙi taɓa ganimar har aya ta 217 ta Suratul Baƙara ta sauka. Ayar ta fara ne da tabbatar da cewa yaƙi a cikin watan babban abu ne, sannan ta ce kange mutane daga tafarkin Allah, da kafirce masa, da fitar da mutanen Masallaci mai alfarma daga cikinsa, su ne mafi girma a wurin Allah. Ko a lokacin da Ƙuraishawa suke amfani da lamarin domin ɓata sunan Musulmi, Allah bai ƙasƙantar da alfarmar watan ba domin ya kare sahabbai.

Umarnin farko da ya biyo bayan ambaton watannin a cikin ayar Tauba shi ne: kada ku zalunci kanku a cikinsu. An ruwaito daga Ibn Abbas cewa Allah ya girmama alfarmar waɗannan watanni, ya sanya zunubi a cikinsu ya fi girma, aikin ƙwarai da ladansa su ma sun fi girma. Ƙatada ya ce zalunci babban laifi ne a kowane hali, amma a watannin alfarma ya fi nauyi, domin Allah yana girmama abin da ya so daga cikin al'amarinsa. Har a cikin fiƙihu wannan ya bayyana, domin Imamu Shafi'i yana ganin ana tsananta diyyar kisan kuskure idan ya auku a cikin waɗannan watanni. Saboda haka duk wani aikin alheri da shari'a ta riga ta tabbatar, kamar nafila da sadaka da karatun Alƙur'ani da istigfari, ana fatan ladansa ya fi yawa a Rajab, sai dai ba mu da ikon sanya masa adadi ko keɓe masa dare.

A nan nake so in yi miki gyara kaɗan a kan tunaninki cewa barin abu bai isa ya zama girmamawa ba. Barin zalunci aiki ne, kuma a ganina ya fi waccan sallar daren Juma'ar farko mai raka'a goma sha biyu wahala nesa ba kusa ba. A wannan huɗubar da aka ambaci Rajab, Annabi (SAW) ya ce jininku da dukiyoyinku da mutuncinku haramun ne a kanku kamar alfarmar wannan rana taku, a wannan wata naku, a wannan gari naku. Ya ɗaura alfarmar lokaci da alfarmar mutum a cikin magana guda. Wanda yake riƙe da bashi alhali yana da halin biya, da wanda ya danne gadon marayu ko na mata, da wanda yake tauye awo, da wanda yake jinkirta haƙƙin ma'aikacinsa, da wanda ya yanke zumunci, da wanda harshensa ba ya hutawa daga gulma, da wanda yake fitar da salla daga lokacinta, kowannensu yana da aikin da ya ishe shi a Rajab. Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wanda yake da wani haƙƙi na ɗan'uwansa a kansa, na mutunci ko na wani abu, ya nemi warwarewa daga gare shi yau, kafin ranar da babu dinari babu dirhami, sai dai a ɗebi kyawawan ayyukansa a biya. Idan mutum ya zauna a farkon watan ya lissafa haƙƙoƙin Allah da na bayi da suke wuyansa, ya ƙudura cewa watan ba zai fita ba sai ya sauke abin da zai iya saukewa, ya girmama Rajab da abin da ayar ta nema daga gare shi.

Almajirin Hadisi ya rubuta:

Allah ya ƙara wa Malam lafiya da ilimi. Ni zan tsaya a kan saƙonnin da 'yar'uwa ta ambata, domin ta san cewa watsi da su da ta yi yana da madogara. Hafiz Ibn Hajar Al-Asƙalani, wanda ya rasu a shekara ta 852 bayan hijira, ya wallafa littafi sukutum a kan wannan mas'ala mai suna Tabyinul Ajab, ya tattara abin da aka ruwaito game da Rajab, ya bi isnadansu, wato jerin masu ruwayarsu, ɗaya bayan ɗaya, sannan ya yanke cewa babu hadisi ingantacce da za a kafa hujja da shi a kan falalar watan, ko azumtarsa, ko azumtar wani yanki ayyananne nasa, ko tsayuwar wani dare na musamman a cikinsa. Maganar da ake yaɗawa cewa Rajab watan Allah ne, Sha'aban watan Annabi, Ramadan watan al'umma, tana cikin waɗanda malamai suka hukunta da ƙirƙira. Watan da ya tabbata Annabi (SAW) ya kira watan Allah shi ne Muharram, a hadisin Muslim.

Sallar daren Juma'ar farko ita ce ake kira Salatur Raga'ib, raka'a 12 tsakanin Magariba da Isha'i, kuma tarihinta kaɗai ya isa ya nuna matsayinta. Malamin Malikiyya Abubakar Aɗ-Ɗurɗushi, wanda ya rasu a 520, ya kawo labari daga wani malamin Baitul Maƙdis cewa ba a san wannan salla a can ba sai bayan shekara ta 480. Sallar da za a yi mata alkawarin gafarar dukkan zunubai, amma sahabbai ba su yi ta ba, tabi'ai ba su san ta ba, Imamu Malik da sauran limaman mazhabobi ba su ambace ta ba, sai bayan fiye da ƙarni huɗu ta ɓullo, ba ta buƙatar dogon bincike. Gaskiya ne Imamu Gazali ya kawo ta a cikin Ihya'u, kuma wannan ya taimaka wajen yaɗuwarta, amma Ibnul Jauzi ya sanya hadisinta cikin ƙirƙirarru, Nawawi kuma ya kira ta bidi'a abar ƙi, ya yi gargaɗin kada a ruɗu da ganinta a cikin wasu littattafai. An yi muhawara sananniya a kanta a Dimashƙa tsakanin Izzuddin ɗan Abdussalam, wanda ya hana ta, da Ibnus Salah, wanda ya sassauta a kanta da hujjar cewa ta shiga ƙarƙashin nafila gaba ɗaya. Abin lura shi ne shi ma Ibnus Salah bai ce hadisin ya tabbata ba.

Batun Isra'i da Mi'iraji yana buƙatar natsuwa, domin wasu idan suka ji an ce daren 27 bai tabbata ba sai su ɗauka ana musun mu'ujizar ne. Tafiyar ta tabbata da ayar farko ta Suratul Isra'i da hadisai masu yawa a Buhari da Muslim, musunta kuwa halaka ne. Abin da bai tabbata ba shi ne ranarta da watanta, har ma da shekararta, ban da cewa ta auku a Makka kafin hijira. Masana tarihi sun ambaci Rabi'ul Awwal, sun ambaci Rajab, sun ambaci Ramadan da wasu watannin. Sahabbai sun kiyaye mana bayanin tafiyar dalla-dalla, da annabawan da aka haɗu da su a kowace sama, da yadda aka rage salla daga hamsin zuwa biyar, amma ba su damu da kiyaye kwanan watan ba, kuma da akwai wata ibada da ke rataye da daren da ba za su bari ya ɓace ba. Muslim ya ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa an ba Annabi (SAW) abubuwa uku a wannan tafiya: salloli biyar, da ayoyin ƙarshen Suratul Baƙara, da gafarar manyan zunubai ga wanda bai yi shirka ba daga al'ummarsa. Wanda yake son ya riƙe wani abu daga wannan dare, ga su nan a hannunsa kullum.

Sauran kuma a taƙaice. Addu'ar neman albarka a Rajab da Sha'aban da kaiwa ga Ramadan ta zo ta hanyar Za'ida ɗan Abir Ruƙad, wanda Buhari ya ce hadisinsa abin ƙi ne, don haka ba a jingina ta ga Annabi (SAW), ko da yake ma'anarta ba ta da laifi idan mutum ya roƙa a matsayin addu'arsa. Umara a Rajab halal ce kamar a kowane wata, amma lokacin da Ibn Umar ya ce Annabi (SAW) ya yi umara a cikinsa, Nana A'isha ta gyara masa cewa bai taɓa yi ba, shi kuma ya yi shiru. Yankan da mutanen jahiliyya suke yi a Rajab, wanda ake kira atira, an kore shi a hadisin Abu Huraira. Zakka kuma tana wajaba ne idan shekara ta zagayo wa dukiyar da ta kai nisabi, ba ta da alaƙa da Rajab. Ina roƙon 'yan'uwa su ji tsoron Allah game da tura saƙo ba tare da bincike ba, musamman irin wanda yake cewa duk wanda ya fara sanar da wani shigowar watan an haramta masa wuta. Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi masa ƙarya da gangan ya tanadi mazauninsa a wuta, kuma ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji.

Dattijon Zaure ya rubuta:

Assalamu alaikum. Na karanta bayanan malaman nan biyu, Allah ya yi musu albarka, amma na ga ba a amsa tambayar mahaifiya ba, kuma ita ce ta fi tsaya mini a rai. 'Yata, kada ki hana ta. Raunin hadisan da suke ƙayyade lada abu ne daban, halaccin azumi a cikin watan kuma abu ne daban, kuma ina jin tsoron yadda wasu matasa suke jin kalmar "bai inganta ba" su mayar da ita "haramun ne" ba tare da sun tsaya sun ga abin da malaman fiƙihu suka ce ba.

Ibn Abi Zaid Al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 386, ya ambaci Rajab da Sha'aban a cikin Risala a jerin azumin nafila da aka kwaɗaitar a kai, Shehu Halil shi ma ya lissafa Muharram da Rajab da Sha'aban cikin mustahabbai a Muhtasar. Malaman Shafi'iyya suna ganin watannin alfarma su ne mafifitan watannin azumi bayan Ramadan. Waɗannan malamai ba su jahilci raunin waɗancan hadisai ba, dogaronsu yana kan falalar azumi gaba ɗaya da kuma girman watan. Nawawi, wanda ɗana Almajirin Hadisi ya kawo maganarsa mai zafi a kan Raga'ib, shi ne kuma ya ce game da azumin Rajab babu hani da ya tabbata a kansa, babu kuma kwaɗaitarwa ta musamman, amma asalin azumi abin so ne. Ya faɗi haka ne a ƙarƙashin hadisin Muslim inda aka tambayi Sa'idu ɗan Jubair game da azumin Rajab, sai ya amsa da maganar Ibn Abbas cewa Annabi (SAW) yakan yi ta azumi har a ce ba zai sha ba, yakan kuma sha har a ce ba zai yi azumi ba. Akwai kuma hadisin Usama ɗan Zaid a wurin Nasa'i, inda Annabi (SAW) ya ce Sha'aban wata ne da mutane suke gafala daga gare shi tsakanin Rajab da Ramadan, wanda wasu malamai suka fahimci cewa yana nuna mutane sun kasance suna kula da ibada a Rajab.

Baiwar Allah da ta shafe shekaru tana azumi domin neman yardar Ubangijinta ba ta cancanci a shigo mata da kalmar bidi'a a kan abin da manyan malamai suka so ba. Abin da ya kamata ki yi shi ne ki zauna da ita cikin ladabi ki ji abin da ta ƙudurce. Idan tana ganin akwai wata rana da aka yi wa alkawarin lada ayyananne, ki sanar da ita a hankali cewa wannan bai tabbata ba, ki kuma faɗa mata abin da ya tabbata, wanda ya fi shi daɗi: Litinin da Alhamis, da ranakun 13 da 14 da 15 na kowane wata, da kuma cewa wanda ya azumci yini ɗaya saboda Allah za a nisanta fuskarsa daga wuta tafiyar shekara 70. In da hali ki taya ta, domin azumin da kuka yi tare zai buɗe miki ƙofar gyara fiye da gardama. An ruwaito daga Abubakar Al-Warraƙ, ɗaya daga cikin magabata masu gudun duniya, cewa Rajab watan shuka ne, Sha'aban watan ban ruwa, Ramadan kuma watan girbi. Wannan ba hadisi ba ne, amma magana ce ta wanda ya san halin zuciya, domin mutumin da bai saba da yunwar azumi da tsayuwar dare ba kafin Ramadan, kwanaki goman farko yakan ƙare su ne wajen kokawa da jikinsa.

Almajirin Hadisi ya rubuta:

Baba, Allah ya ja kwana, maganarka gaskiya ce kuma na karɓa. Zan ƙara abu guda ne kawai domin 'yar'uwa ta ga ɗaya ɓangaren. Ibn Abi Shaiba ya ruwaito cewa Umar ɗan Haɗɗabi yakan bugi hannayen masu azumin Rajab domin su ci abinci, yana tuna musu cewa wata ne da mutanen jahiliyya suke girmamawa, kuma a kan irin wannan ne malaman Hambaliyya suka karhanta keɓe Rajab shi kaɗai da azumi gaba ɗayansa, suka ce karhancin yana gushewa idan mutum ya sha wasu kwanaki a ciki ko ya haɗa shi da wani watan. Abin da ake gudu shi ne a kamanta shi da Ramadan har jama'a su zaci wajibi ne ko sunna ce ta musamman. Nana A'isha ta ce ba ta taɓa ganin Annabi (SAW) ya cika azumin wata guda ba sai Ramadan, kuma ba ta ga watan da ya fi yawaita azumi a cikinsa kamar Sha'aban ba. Saboda haka idan Mama tana azumtar watan ne baki ɗaya, shawarar da ta fi tsira ita ce ta riƙa sha a wasu kwanaki, ta kuma ajiye ƙarfinta domin Sha'aban da Ramadan, musamman idan shekaru sun ja. Idan kuwa tana yi ne tana hutawa, to babu wani malami da na sani daga mazhabobin nan huɗu da zai ce ta yi laifi.

Ɗalibar Ilimi ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Baba da malamai, Allah ya saka muku da Aljanna. Bayanin ya haifar mini da tambayoyi biyu a kan sauke haƙƙi da Malam ya ambata. Macen da ake bin ta ramuwar azumin Ramadan da ya wuce, wanne ya fi mata a Rajab, ta yi nafila saboda alfarmar watan ko ta fara da ramuwa? Sannan wanda ya yi gulmar wani kuma yana son ya tuba, shin dole ne ya je ya faɗa masa abin da ya ce a kansa?

Malam Mai Tafsiri ya rubuta:

Malama, ta fara da ramuwa. Ramuwa bashin Allah ce, farilla kuma ta fi nafila lada a kowane wata, don haka wadda ta rama a Rajab ta haɗa sauke wajibi da yin aikin ƙwarai a lokaci mai alfarma. Lokacin ramuwa yana da faɗi har zuwa Ramadan mai zuwa, kamar yadda Nana A'isha ta ce takan kai Sha'aban kafin ta rama saboda hidimar Annabi (SAW), amma Malikiyya suna karhanta yin azumin nafila ga wanda ake bi ramuwa, Hanafiyya kuwa suna ganin babu laifi. Idan ta jinkirta ba tare da uzuri ba har wani Ramadan ya shiga, Malik da Shafi'i da Ahmad sun ɗora mata ciyar da miskini ɗaya a kan kowace rana tare da ramuwar, Abu Hanifa kuma ya ce ramuwa kaɗai ce a kanta. Daga farkon Rajab zuwa Ramadan wata biyu ne kacal, wadda kuma kwanakinta suke da yawa bai kamata ta jira ƙarshen Sha'aban ba, domin uzurin al'ada ko rashin lafiya na iya cinye mata abin da ya rage.

Game da gulma malamai sun yi saɓani. Wasu sun ce sai an nemi yafiyar mutumin kai tsaye, saboda hadisin da na kawo a baya. Wasu kuma, daga cikinsu akwai Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim, sun ce idan maganar ba ta kai kunnensa ba kada a faɗa masa, domin faɗin zai cutar da shi ya kuma haifar da gabar da babu ita a da, sai dai mai tuban ya yi nadama, ya nema masa gafara, ya ambace shi da alheri a wuraren da ya ɓata shi, ya kuma ƙaryata kansa a gaban waɗanda suka ji idan abin da ya faɗa ƙage ne. Wannan ra'ayi na biyu shi na fi natsuwa da shi. Idan kuwa maganar ta riga ta isa gare shi, to babu makawa sai an je an ba shi haƙuri. Haƙƙin dukiya ba haka yake ba, domin istigfari ba ya sauke shi. Dole ne a mayar wa mai shi da abinsa ko ya yafe da bakinsa, idan ya rasu a ba magadansa, idan kuma an neme shi da magadansa iyakar ƙoƙari ba a same su ba, sai a yi sadaka da kwatankwacin dukiyar da niyyar ladan ya tafi gare shi.